Hoton Duna

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, wata yarinya ta ari kyamara. Yayanta da ke karatu a nesa yana son hoton tsohon karensa, Duna.

Ta ce, "Zauna." Duna ya kwanta. Ta daka masa tsawa, ta ɗauki hoto. Ta ce, "Dube ni." Duna ya juya baya. Ta jefe shi da takalmi, ta ɗauka.

Da aka wanko hotunan, duk kunnuwansa a kwance, jelarsa a matse.

Kakarta ta ce, "Ja'ira, haka za ki nuna wa yayanki yadda kike riƙon karensa?"

Washegari yarinyar ta durƙusa a ƙasa, ta yi shiru har Duna ya zo da kansa. Sannan ta ɗauka. Wannan hoton ta kai gidan waya.