Naman Da Bai San Wuƙa Ba

Ranar da Ummusalma ta fara shiga shagon kifin Oga Anayo a unguwar Congo-Russia, ba soyayya ta je nema ba. Abin da mahaifinta zai yarda ya ci ta je nema.

Ashraf, mai kula da shagon, ya ɗago daga bayan firiza ya kalle ta, nan take ya manta da kifin da yake aunawa.

"Hajiya, me za a kawo?"

"Ban je Makka ba tukuna," ta ce, tana gyara mayafi. "Nama nake so marar kitse. Babana ne ba lafiya."

Baban nata, Malam Gwadabe, mahauci ne na gado a Anguwan Rogo. Likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya hana shi jan nama da soye-soye. Shi kuwa Malam ya yi zuciya, ya ce in babu tsire babu balangu, a bar shi da ruwan shayi. Kifi ya ce ƙarni, kaza ya ce wasan yara. Har rigunansa sun fara yi masa yawa.

Ashraf ya saurare ta har ta gama, sannan ya ciro wata leda mai ɗauke da fararen dunƙulen nama, ƙanana kamar ƙosai.

"Wannan naman wata katantanwar teku ce, sikalof ake ce masa. Masu otal ke sa mu kawo daga Legas. Ba ƙaya, kitsensa kaɗan ne, ga furotin mai gina jiki. Amma ki fara tambaya a asibiti, ni ba likita ba ne."

Ya ba ta lambarsa, wai ko da tambaya za ta taso. Tambayoyi kuwa suka yi ta tasowa safe da yamma, mafi yawansu ba su shafi kifi ba.

Sista Loyis, mai ba su shawarar abinci a asibiti, ta ce sikalof ɗin zai yi, yana ma da bitamin mai taimakon jini, sai dai ban da soyawa, ban da ƙara gishiri.

To, amma 'yar mahauta ce Ummusalma. A gidansu kowa ya san nama sai ya sha wuta yake laushi. Ta ɗora tukunya tun azahar kamar mai dafa ganda, ba ta sauke ba sai da aka kira la'asar.

Malam ya tauna, ya sake taunawa, ya tofar a tafin hannu.

"Wa ya sayar miki da gindin silifa?"

Inna Mariya, mahaifiyarta, ta so ta gyara zance, sai ta ɓata. Ta ce ai wanda ya sayar yaron kirki ne, da alama ma son yarinyar yake.

"Ashe haka ne," in ji Malam. "Naman da bai san wuƙa ba, mai shi ba zai san ƙofar gidana ba. Ga Tasi'u ɗan ƙanina, ɗan gado, me ya rasa?"

Ummusalma ta shige ɗaki da kunya da haushi, ta tura saƙo: "Ka kunyata ni a gaban Baba. Ashe roba kake sayarwa. Kada ka sake kira na."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Salmata, laifina ne da ban faɗa miki ba. Shi ba ya son daɗewa a wuta. Ki ɗora madambaci kamar za ki yi dambu, ki sa masa citta da tafarnuwa da lemon tsami. Da ya yi fari ki sauke. In ni kika ƙi, zan haƙura, amma don Allah kada Baba ya ci gaba da zama da yunwa."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta yi kuka, amma ba ta amsa ba.

Tasi'u ba mugu ba ne, wauta ce ta yi masa yawa. Don ya shiga ran baffansa, kullum sai ya zo da tsire mai maiƙo a ɓoye cikin babbar riga. Malam ya riƙa ci a zaure yana sa masa albarka. Ba a rufa wata ba, wata safiya ya dafe ƙirji a bakin masallaci, sai a keke mai ƙafa uku aka kai shi asibiti.

Allah Ya sa da sauran kwana. Da aka sallamo shi, ya kwanta ya juya wa kowa baya, ko shayin ma ya daina sha.

Ran nan da hantsi aka yi sallama. Inna ta leƙa, ta ga Ashraf tsaye nesa da ƙofa, riƙe da kula.

"Inna, ba shiga zan yi ba. A ba ta wannan, ta sake gwadawa."

Ummusalma ta ɗora madambaci. Duk jikinta na gaya mata naman bai dahu ba, amma da ya yi fari ta daure ta sauke. Ƙamshin citta ya cika tsakar gida.

Malam ya daɗe yana kallon kwanon. Liman ya riga ya gaya masa abin teku halal ne ko ba yanka, don haka hujja ta ƙare. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki. Ya ɗauki na biyu.

"Akwai saura?" ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Ummusalma ta fita da gudu don kada ya ga hawayenta. Ta rubuta: "Ya cinye, mai ƙanƙarata. Ka yafe mini."

"Alhamdulillahi. Ban taɓa riƙe ki ba, hasken idona," ya amsa.

Ba za a ce sikalof ne ya warkar da Malam ba. Akwai magani, akwai tattaki, akwai gwate, wato faten Inna mai yawan ganye. Amma daga wannan kwanon ya koma cin abinci, har kifin da yake zagi ya karɓa, muddin an turara. Da ya ji ƙarfi, da kansa ya aika a kira Ashraf.

"Yaro, na kore ka, ka dawo da abinci. Wanda na zaɓa ya kusa kai ni kabari da son da yake mini. Na gode, Allah Ya yi maka albarka. Ka turo magabatanka."

Ashraf ya durƙusa, ya ce, "Na gode, Baba."

Aka ɗaura aure wata Asabar a Anguwan Rogo. Oga Anayo ya zo da babbar riga ta aro, Sista Loyis ta sha anko, Tasi'u ne ma ya gasa wa baƙi rago.

Da yamma mata na fitar da kayan amarya, sai aka ji Malam ya ce a dakata. Ya zare tsohon madambacin daga cikin kayan, ya rungume shi.

"Ashraf, na ba ka 'ya har abada, amma wannan ban ba ka ba. In tana son ganinsa, ka riƙa kawo mini ita."

Gida ya kaure da dariya, amarya na kuka a cikin mayafi. Malam ya dafa kanta ya ce, "Allah Ya ba ku 'ya'yan da za su ciyar da ku ranar da kuka ƙi ci."

Kowa ya ce amin.