Allura Bayan Shayi

A bakin asibitin dabbobi na garin Stanthorpe suka fara haɗuwa. Motar Bronte Hanrahan ta ƙi tashi, ga kyanwa a kwando tana ta kuka a kujerar baya. Wani saurayi sanye da kayan aiki masu maiƙo ya tsallako titi ya ce ta buɗe masa gaban motar. Wayar batir ce ta kwance. Ya ɗaure ta, sannan ya leƙa ya miƙa wa kyanwar yatsa, ita kuwa ta gartsa masa cizo.

"Ladan aikina ke nan?" ya ce, yana yarfe hannu.

"Ka yi haƙuri. Biddy ba ta da tarbiyya, kuma yau aka gaya mana tana da ciwon suga."

Sunansa Shalvin Prasad, bakanike ne da ya zo daga Fiji yana gyaran taraktoci a gonakin tuffa. Ta karɓi lambarsa, wai ko motar za ta sake tsayawa. Motar ba ta sake ba, amma saƙonni ba su tsaya ba. Kafin a gama girbi ya raɗa mata suna 'Yar Tuffa, ita kuma tana ce masa Injiniya.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Col, manomin tuffa, ya ƙi. Dattijo ne mai gajeriyar magana, tun da matarsa Maureen ta rasu bai da abin lallashi a duniya sai 'yarsa da Biddy, wadda kyanwar marigayiyar ce. Safe da yamma shi ke tsira mata allurar insulin da hannunsa.

"Mutumin da gobe zai tattara ki ya koma tsibirinsu?" ya ce. "Ga Darcy nan, gonarsa jikin tamu."

Da ranar yi wa Col aikin gwiwa a Toowoomba ta matso, dole Bronte ta kwana da shi a can. Darcy aka fara nema ya kula da Biddy.

"Kyanwa ce fa, ba jaririya ba," in ji Darcy. "Ku cika mata kwano. Ni kamun kifi za ni."

Shalvin kuwa ya yi ta zuwa yana koyo. Bronte ta nuna masa inda kwalbar maganin take a firji, da layin da ake tsayawa a jikin sirinji, da yadda ake ɗago fatar wuya. Ta ce a fara ba ta abinci, sannan allura.

Ranar tafiya Col ya tsaya a bakin mota da sandarsa, bai ko dube shi sosai ba.

"Na yi mata ta safe. Ɗayar sai bayan shayi. Idan wani abu ya sami kyanwar nan, kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

"In Allah ya yarda ba abin da zai same ta, Kawu."

A gidan su Shalvin, da la'asar ake dafa shayi mai madara da citta, ko ruwa ake ko iska. Ya dafa nasa, ya sha. Ya zuba wa Biddy abinci, ta ɗan lasa ta juya baya, don tana ta neman mutanen gidan. Ya ga ai ta ci, ya yi mata allura a tsanake, ya tura saƙo:

"'Yar Tuffa, an gama. Na yi wa gimbiya allurarta bayan shayi kamar yadda Kawu ya ce. Ba ta cije ni ba. Ki shaida."

Wayar Bronte na cikin jaka, ita kuma tana zaune a ƙofar ɗakin tiyata. Sai da aka fito da mahaifinta yana barci, rana ta kusa faɗuwa, sannan ta duba. Ta karanta tana murmushi. Da idonta ya kai kan lokacin da saƙon ya shigo, murmushin ya ɗauke. Nan take ta kira shi.

"Yaushe ka yi mata?"

"Da la'asar, bayan na sha shayi."

"Shalvin! Shayin Baba abincin dare ne! Duk tsofaffin nan haka suke kiransa. Ta safe ba ta gama aiki ba ka ƙara mata wata. Ta ci abinci sosai?"

"Kaɗan ta ci."

"Tana ina?"

Ba ta kan kujerar da ya bar ta. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan firji, yana kiran sunanta. A bayan injin wanki ya same ta. Ta yunƙura za ta zo wurinsa, ƙafafunta suka harɗe, ta faɗi gefe, kanta yana karkarwa.

"Tana tangaɗi kamar ta bugu," ya ce.

"Sugan ne ya sauka. Akwai zuma a saman kabad. Ka lakata da yatsa ka goga mata a dasashi. Kada ka ɗura mata, za ta shaƙe."

Ya durƙusa ya ɗaga leɓenta ya goga. Bakin ya yi sanyi. Kyanwar da ta cije shi ranar farko ko motsa haƙori ba ta yi ba.

"Ita kaɗai ta rage mana daga Mama," Bronte ta ce cikin kuka. "Da na sani da ban..." Ba ta ƙarasa ba, ta kashe wayar.

Ya naɗe Biddy a tawul ya sa ta a akori-kurarsa. An rufe asibitin dabbobi. Ya kira lambar da ke jikin ƙofa, likitar ta ce tana wata gona a bayan gari, saniya na naƙuda, ba za ta iya barinta ba, sai dai ya kawo. Ya ɗauki hanyar tsakuwa, ga dabbobin kangaru sun fara fitowa bakin titi, dole ya riƙa rage gudu. Sau biyu yana tsayawa ya ƙara mata zuma. A tsayawa ta biyu ta buɗe ido ta lashi yatsansa.

A kan murfin bayan motarta likitar ta sa wa Biddy ruwan suga ta jijiya. Shalvin na riƙe da ƙafarta har kyanwar ta ɗago kai ta yi masa tsaki irin na kyanwoyi.

"Ta fara rashin kunya, za ta rayu," likitar ta ce. "Ta kwana a wurina. Zumar nan ce ta kawo ta."

Ya rubuta wa Bronte:

"Ta farfaɗo, tana wurin likita. Laifina ne, da na tambaya. Ni zan gaya wa Kawu da bakina."

Amsarta ba ta jima ba:

"Injiniyana, ka yafe mini abin da na fara faɗa. Tsoro ne ya yi magana."

Washegari da hantsi ya isa Toowoomba. Ya tsaya a gaban gadon Col ya ba shi labarin tun daga farko, bai rage komai ba, har da yadda ta ci kaɗan ya ɗauka ya isa. Fuskar dattijon ta yi ja.

"Wane mai hankali ne yake shayi da la'asar?"

"Duk mutanen Fiji, Baba," in ji Bronte a hankali. "Da ma sauran duniya."

Col ya juya ya dubi bango ya daɗe. Da ya juyo, idonsa ya yi rau-rau.

"Ai da ka yi shiru ka ce ciwonta ne ya motsa, da ban sani ba."

"Amma ni ai na sani, Kawu."

"Ni ma da na buɗe baki na yi maka magana kamar mutum, da hakan bai faru ba." Ya share hanci. "Tsibirin naku, tafiya za ka yi da ita?"

"Ziyara dai, wurin mahaifiyata. Aikina a nan yake."

"To jawo kujera. Tsayuwarka na ƙara mini ciwon gwiwa."

Lokacin da itatuwan tuffa suka yi fure aka ɗaura auren a rumfar gonar Col. Mahaifiyar Shalvin ta zo daga garin Labasa na Fiji, ta rataya wa amarya da ango furanni a wuya, ta dafa kawunansu ta yi musu addu'a da harshenta. Ana tsakiyar cin abinci ango ya dubi rana ya miƙe zai nufi gida ya yi wa Biddy allura. Col ya tare shi da sanda.

"Koma wurin matarka, ɗana. Yau ni zan yi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ya juya yana ɗingishi a tsakanin itatuwa, su kuma suka tsaya hannu cikin hannu suna kallonsa har ya shige gida.