Cokalin Farko

Ku masu jefa alewa mai sanyi a baki kuna lumshe ido, ku buɗe kunne, don yau ba za a rufa wa mugu asiri ba.

Mai Alewa ake ce masa. Ɗaki biyu gare shi a bayan gida, da tukunyar ƙarfe ɗaya da farantan zubi, yana dafa sukari da man na'ana'a. Ƙa'idar aikin, ba a juye tukunya sai matarsa ta ɗanɗana cokalin farko, saboda Allah ya ba ta harshe. In ta ce a ƙara, a ƙara. In ta yamutsa fuska, a zubar. Abin da ke ci masa rai shi ne sanyin alewarsa ba ya daɗewa a baki. In ya ƙara man, ɗaci ya biyo baya. In ya rage, masu shaguna su ce ruwan sukari ya kawo musu. Ba su taɓa kwana da yunwa a gidan ba, amma shi idonsa na kan motocin mutane.

Da tsakar rana ya je wurin boka. Rana na dukan ƙeya, amma yana sunkuyawa cikin bukkar haƙoransa suka fara kaɗawa. Babu wuta, babu hayaƙi, ko ƙuda babu. Randuna bakwai a jere, an ɗaure bakunansu da jan ƙyalle, ruwa na tsattsafowa daga jikinsu har ƙasa ta yi kore. Bokan na zaune a duƙunƙune cikin bargo biyu.

"Mai Alewa, sanyi ka zo saye."

Shi kuwa Mai Alewa bai faɗa masa sana'arsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda zai zauna a baki, ba ɗaci."

"Ba a yin sanyi, ɗan nan. Zafi ake cirewa, shi kuma ya zauna a gurbinsa."

Bokan ya cusa hannu a randar ƙarshe ya zaro farar tsakuwa. "Jefa ta a gindin tukunya. Ba na son rago, ba na son kuɗi. Cokalin farko na kowace tukunya namu ne."

"In riƙa kawo muku nan?"

"A'a. Ya shiga bakin da ya saba shiga."

Mai Alewa ya dubi bargunan, ya dubi faratan bokan da suka yi shuɗi. "Mai bakin fa, me zai same shi?"

"Lafiyar mutum ka zo tambaya, ko kasuwa?"

Mai Alewa ya miƙa hannu ya karɓi tsakuwar.

Kada wani ya zo yana cewa bai gane ba. Ya gane sarai! Tukunyar farko akuya ya ɗura wa cokalin, alewa ta fito kamar maɗaci. Ta biyu ya ba leburansa, haka. A ta uku ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ɗaga murya.

"Maman yara, zo ki taɓa mana."

Ta taɓa, ta dafe ƙirji. "Kai! Wannan har cikin ƙashi. Me ka canja?"

"Sabon mai ne na samo."

"Ina kwalbarsa?"

"Ke dai ki ce ya yi ko bai yi ba."

Ya yi. Masu shaguna suka fara layi a ƙofar gida. Daga alewa ya shiga man goge baki, da sabulu, da man shafawa mai sanyaya jiki. Tukunya ɗaya ta zama inji shida, amma kowane kwaɓi sai ya bi ta tsohuwar tukunyar nan, kuma ba mai wanke ta sai shi, ƙofa a kulle.

Ita kuwa sai ta fara sa rigar sanyi ana tsananin zafi. Ta daina jin gishiri, ta daina jin yaji. Ran nan ya same ta ta sauke tukunya daga wuta da hannu tsirara, tana kallon tafinta yana tashi, ba ta ji ba.

"Baban yara, dube ni. Me ke ƙara a gindin tukunyar nan in kana juyawa?"

"Ludayi ne."

"Shekara ashirin ina jin ƙarar ludayi. Wannan ba shi ba ne."

Ya kau da kai, ya miƙa mata cokali. Motar kaya na jira a waje. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe baki, don mijinta ne.

Likitoci sun auna, sun ce ba su ga komai ba. Ta rasu a zaune a rana. Masu wanka suka ce ruwan zafi na taɓa jikinta yake hucewa.

To ai sai ya tuba, ko? Ina! Ko arba'in ba a yi ba ya kira babbar 'yarsa, wadda ta gaji harshen uwarta. Wata huɗu ta yi. Yanzu a ɗaure take a ɗakin kakarta, in ta ga murhu sai ta yi kukan kura za ta rungume shi, tana cewa, "Baba, ya yi, a juye."

Da aka rasa mai ɗanɗanawa a gidan, komai ya koma ɗaci. Aka riƙa dawo masa da katan-katan, injuna suka yi tsatsa. Ya koma bukkar, ya tarar da randa ta takwas, sabuwa fil, bakinta a buɗe. Bokan ya ce, "Kai ma ai kana da harshe."

Yau yana maƙera, kullum a gindin wuta, yana roƙon maƙera su bar shi ya matsa kaɗan.

Wasu na cewa ya ga sakayya. Wace sakayya? Uwar matar, tsohuwa tukuf, ta je wurin 'yan sanda, ta je gaban alƙali, an ce ta kawo shaida. Ta ce ga kabari, ga jika a ɗaure, aka ce ba shaida ba ne. Bokan na nan zaune, motoci na tsayawa a ƙofarsa. Ita kuma ta rantse ba za ta yi shiru ba sai an fasa randunan nan a bainar jama'a.

Kai mai ido kan motocin mutane da kake shirin zuwa wurin bokan, kafin ka fita ka ƙirga mutanen gidanka, ka zaɓi wanda za ka fara binnewa.