Rijiyar da Aka Goge

Rana ta kusa faɗuwa, hasken tagar falo ya koma ja, wani mai zane yana zaune gaban kwamfutarsa kamar kullum. Tun rasuwar matarsa ya kwaso aikinsa ya dawo da shi gida. Manyan 'ya'yansa duk sun yi nisa, kowa da garin da ya riƙe shi. Saura Auta kaɗai, 'yar shekara goma sha tara, wadda a lokacin tana kicin tana wanke-wanke.

Aikinsa ba na hayaniya ba ne. Injiniyoyi kan aiko masa da tsofaffin taswirorin gini, ya ɗauki hotonsu da na'ura. To amma hoto ɗigo-ɗigo ne kawai, ita kuwa manhajar da injiniyoyi ke zane da ita layi take so, mai tsawo da awo. Sai ya wanke hoton tas, ya cire tabo da sawun ninki, ya sa manhaja ta bi kowane bango, inda layi ya yanke ya haɗa da hannu.

Taswirar ranar ta wani tsohon gida ce da aka rushe za a gina benen shaguna. A kusurwar tsakar gidan akwai wani baƙin tabo, bai fi ƙwayar wake ba, babu rubutu a gefensa. Ya ƙara girmansa, ya ga gefensa a watse.

"Tawada ce ta ɗiga," in ji shi. Ya goge, ya aika wa injiniya.

Bai ɗauke hannu daga kan tebur ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Can wani ya biyo.

Ya fita ya duba layin. Ba kowa, sai shagon tela a rufe da wata mage a kan katanga. Da ya dawo ya tarar ruwan famfo na zuba, Auta tana tsaye da faranti a hannu, idonta a bango.

"Auta, lafiya?"

"Baba, wata tsohuwa ce ke sallama. Ba ka ji ba?"

Bai ji ba.

Kwana huɗu ana haka. Da rana gidan lafiya lau, da magariba ta doso sai jifa, sai wani sanyi mai warin laka ya cika ɗakunan. Auta ta daina cin abinci. Takan je kusurwar tsakar gida ta tsuguna, ta rungume gwiwoyinta, tana kallon ƙasa kamar mai leƙa rami. Ya kai ta asibiti, suka auna komai suka ce ƙalau take. Ya kira babban ɗansa, aka ce masa, "Baba, gajiya ce, ta huta. Ina cikin taro, zan kira ka." Ya zauna da wayar a hannu har allonta ya mutu.

Telan layin ne ya ga yadda ya rame, ya kawo masa wani dattijon malami, siriri, marar yawan magana. Malamin ya zauna nesa kaɗan da Auta, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Inuwa ta cinye tsakar gidan. Tsuntsaye suka yi tsit. Aka daɗe, sannan Auta ta ɗago kai, fuskarta ta tattare, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki?"

"Tambayi mai gidan. Shi ya goge ni."

Mai zanen ya dafa bango.

"Tabon da ya goge rijiya ce," in ji muryar. "A cikinta nake tun kafin a haife shi. Wanda ya zana gidan ya san da ita, ya sa mata alama. Aka rufe bakinta, mutanen gidan suka mutu, ragowar suka watse. Takardar nan kaɗai ta rage da ta san ina nan. Jibi za su zuba mini siminti a ka."

"To yarinyar fa, me ta yi miki?" in ji malamin.



"Ba ta yi komai ba. Na zo da fushi, sai na tarar gidan nan shiru kamar nawa. Na yi sallama, ita kaɗai ta amsa. Ku bar ni a jikinta, ba zan cuce ta ba."

"Kin riga kin cuce ta. Fita za ki yi."

"To a ba ni kusurwar nan."

"Ko taku ɗaya."

Hawaye suka zubo daga idon Auta. "To ya mayar da ni inda nake."

Malamin ya juya wurin uban. "Ba don tsoronta ba. In akwai rijiya ka goge, kuskure ne a aikinka, ka gyara."

Ya koma kan kwamfuta ya buɗe hoton asali. Ya ƙara haske, ya ƙara girma, sai ga shi: a cikin baƙin akwai siririn zobe, wanda hannu ya zana da gangan. Ya zagaya shi da layi, ya sa masa awo, ya rubuta rijiya, ya kira injiniyan. Mutumin ya ce, "Inna lillahi! Daidai nan muka sa ginshiƙi. Da benen ya nitse da mutane. Za mu matsar da shi, mu kewaye wurin."

"Kin ji," in ji malamin. "Yi alƙawari ba za ki dawo ba."

"Na yi. Malam, shekara arba'in ke nan ba wanda ya tambaye ni wace ce ni."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Ubanta ya tare ta kafin kanta ya taɓa ƙasa.

Washegari da hantsi ta tashi da yunwa. Ya haɗa mata shayi, ya zauna yana kallonta tana sha.

"Kin ji tsoro sosai ko, Auta?"

"Ba tsoro ba ne, Baba. Kewa ce, irin wadda ba ta da ƙasa. Kamar ka yi ta kira a gida babu kowa." Ta ajiye kofin, ta dube shi. "Haka kake ji in na tafi makaranta?"

Ya kawar da kai. Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta ɗauki wayarsa ta danna lambar yayanta.

"Yaya, ni ce. A'a, fito daga taron. Baba zai yi magana da kai."