Igiyar Gindin Tsamiya

A can da, a wani ƙauye, an yi wani tsoho. Duk bazara, in rana ta take, sai ya zauna gindin tsamiya yana tufka igiyar rama.

Masu wucewa su ce, "Baba, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Ba kowa. Daɗi nake ji."

Wata shekara ruwan rijiya ya yi ƙasa, guga ya daina kaiwa. Awaki suka fara faɗuwa don ƙishi. Mutane suka zo wurinsa suna sosa ƙeya.

Ya dubi tufkarsa ta shekara bakwai, ya ce, "Ku kwashe duka."

Aka ƙulla, guga ya taɓo ruwa.

Washegari aka gan shi gindin tsamiya da sabuwar rama.

Suka ce, "Baba, ai ruwa ya samu. Wa ya sa ka kuma?"

Ya ce, "Ba kowa. Daɗi nake ji."