Babur ɗin Ruwan Maiwada

Motar ta baro kasuwar Shinkafi da la'asar, cike da 'yan kasuwa masu komawa Ƙaura Namoda, sai ga itace kwance a tsakiyar titi. Direba ya taka birki. Kafin ya sa ribas, mutum biyu sun fito daga cikin dawa da bindigogi.

"Kowa ya kwanta!"

Mai maganar shi ne Maiwada, shugabansu. Mai dukan mutane da gindin bindiga kuma Idi ne. Na ukunsu, Gwadabe, yana bayan gona yana gadin babura biyu. Shi bakanike ne, bai taɓa harba bindiga ba, saboda haka bai ɗauki kansa ɗan fashi ba.

Mutum ɗaya suka zo nema, Hajiya Rekiya mai sayar da gwal. Idi ya fizge jakarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi Maiwada ta gaya masa akwai 'yan sanda a gaba, akwai 'yan sa-kai a baya, shin ta sama zai tashi? Maiwada ya yi dariya, don ya daɗe da shirya amsar wannan tambaya.

Amsar tana ɓoye cikin ciyawa a bakin gulbi: babur ɗin ruwa, ja da fari. Wani ɗan kwangila ne ya sayo shi don ya riƙa yawo a madatsar ruwan da aka ba shi aikinta. Bai gina madatsar ba, Maiwada kuwa ya ɗauke masa nauyin ajiyar babur ɗin. Damina ta yi tsakiya, gulbi ya cika ya batse. Dabarar ita ce su bar masu binsu suna lalube a tudu, su kuma su bi ruwa su ɓulla dajin Zurmi.

Su ukun suka haye baburan, suka yanki burtali a guje, laka na tashi. A bakin gulbi suka yar da baburan, suka ture ciyawa. Maiwada ya haye, ya danna maɓalli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake dannawa. Haka dai.

Idi ya ɗora wa Gwadabe bakin bindiga a ƙeya, ya tuna masa cewa shi ya rantse injin lafiya lau yake. Gwadabe ya ce jiya lafiya lau yake, kuma bindiga ba ta tayar da inji. Ya cire kujera, ya leƙa. Mai yana nan. Batir da ƙarfinsa, tunda yana juya inji. Fis bai ƙone ba. Ya kwance fulogi, ya jingina shi da jikin inji, ya ce a danna. Babu wuta ko ɗis. Ya gwada na biyu. Shi ma shiru.

Ya bi waya har zuwa akwatin wuta, ya buɗe, ruwa ya tsiyayo. Ruwan saman da aka kwana ana yi ya shiga, kwayil ɗin ya tsage.

"Oga, kwayil ya mutu. Shi ka ba fulogi wuta. In babu shi, wanga abu kwale-kwale ne."

A can kan titi, Sajan Ammar ya iso da 'yan sandansa. Bai gayyaci Hajiya Rekiya ba, ita ta shige gaban motarsu ta zauna, ta ce inda gwal ɗinta ya nufa nan ta nufa. Suka bi sawun tayoyi cikin burtali, jiniya na kuka.

Jiniyar ta iso kunnen su Maiwada. Gwadabe ya dubi baburan da ke kwance, ya ce akwai mafita ɗaya: kwayil ɗin babur ɗin ruwan yana ba fulogi biyu wuta, na babur kuwa ɗaya yake ba wa, don haka sai an cire na baburan duka biyun. In an cire, babu sauran gudu ta tudu. Maiwada ya ce ya cire.

Gwadabe ya san aikinsa. Sifana — noti — waya. Ya feƙe wayoyi da haƙori, ya haɗa, ya naɗe da leda, ya ɗaure kwayil biyun da robar tayar babur. Ya gwada fulogi. Wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas! Ya mayar da komai, ya rufe kujera. Maiwada ya danna. Inji ya yi tari, ya ɗauka da ruri.

Gwadabe ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa haihuwa. Ya ɗaga ƙafa zai hau, Maiwada ya tare shi da hannu.

"Mutum biyu yaka ɗauka, Gwadabe. Kai ba ka yi harbi ba, ba ka da laifi. Allah shi kiyaye hanya."

Suka tsaga ruwa suka bar shi tsaye da sifana a hannu.

Motar Sajan Ammar kuwa ta kafe a laka tun kafin ta ga gulbi. Da ƙyar suka turo ta baya. Sajan ya ji rurin inji yana nisa, ya tabbata sun tsere, ya ce a koma ta gada a kai rahoto. Hajiya ta yi ta faɗa.

A tsakiyar gulbi Idi ya yi nasa lissafin. Jaka tana rataye a wuyansa, tuƙin kuma ya ga ba wuya, totur ne kawai ake matsawa. Ya ɗaga bindiga ya maka wa Maiwada a ƙeya, ya hankaɗa shi ruwa. Nan take inji ya mutu.

Abin da Idi bai sani ba shi ne, makullin irin wannan babur igiya ce da direba ke ɗaurawa a wuyan hannu. An yi ta ne don in direba ya faɗa ruwa inji ya tsaya ya jira shi. Maiwada ya nutse da ita. Idi ya danna, ya yi zagi, ya roƙi Allah. Bai iya iyo ba. Ruwa ya ɗauke shi a hankali, yana juya shi, ya kai shi ya jingina da ƙafar gada, daidai lokacin da motar Sajan ke hawa kanta. Shi da bakinsa ya roƙi a jefo masa igiya.

Gwadabe ya wanke hannunsa, ya jefa sifana a ruwa, ya kama hanyar gida a ƙasa. Hanyar kuwa ta kan gadar ta bi. Ya tarar da taro, Hajiya na zazzage jakarta a kan zane, Idi na zaune da ankwa, an jawo babur ɗin ruwan zuwa tudu. Da wucewa ya yi, da babu wanda zai kula shi. Sai ya tsaya kallo.

Wani ɗan sanda ya cire kujerar, ya ga leda da roba, ya kwashe da dariya. Ya ce ga abin da ya kashe injin nan, wani jakin bakanike ne ya yi haɗin hauka.

"Haɗin lafiya lau yake," in ji wata murya daga cikin taro. "Igiyar makulli ce babu."

Kowa ya waiwayo. Sajan Ammar ya tambayi Gwadabe cikin ladabi yadda aka yi ya sani.

Washegari masunta suka tsamo gawar Maiwada. Hajiya Rekiya ta rasa ɗan kunne guda, direban motar 'yan kasuwa ya rasa haƙora biyu, matar Gwadabe ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu, Banga.

A ɗaki ɗaya aka kulle Gwadabe da Idi. Daga baya Gwadabe ya matso kusa da Idi, ya ce abu ɗaya yake son ji, kuma don Allah ya gaya masa gaskiya: kafin ya tura Oga, injin yana tari ko kuwa sumul yake tafiya?

Idi ya ce sumul.

Gwadabe ya gyaɗa kai, ya gyara kwanciya.