Sunan Marjatta a Saman Allo

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Tampere suka haɗu, wata Asabar. Tuomo yana zaune a teburinsa na gyaran na'urorin wasan talabijin na da, sai ga Saima cikin shuɗin kwat, tana tambaya ko batirin kaset ɗin wasa yana mutuwa.

"Wane kaset?"

"Kivisade. Wanda duwatsu ke faɗowa, ka jera uku masu launi ɗaya su ɓace."

Sai da sukudireba ta suɓuce masa. Kallon da ya yi mata, ni dai ban rantse ko nata ne ko na kaset ba. Ita ma ba ta sani ba.

Wata uku suna tare, yana kiranta Shuɗiya, amma mahaifinta Reijo ko kofi bai taɓa zuba masa ba. Kaset ɗin na marigayiya matarsa Marjatta ne. Shekara ashirin da shida haruffanta, MAR, suna saman jerin masu maki, ɗan batiri ne kawai ke riƙe da su. Ya mutu ko a cire shi, sunan ya tafi.

"Ke ba ki san masu tara kayan nan ba," in ji Reijo. "Zai buɗe, ya sauya cikin da na jabu, ya miƙo mana kwanso. Ke ma ya ajiye ki."

"Haba Baba!"

Tana musu, amma maganar ta zauna mata. Sai kuma Jarkko, maƙwabcin da ta ƙi tun bara, ya turo mata hoton abin da Tuomo ya rubuta a zauren masu tara kaset na intanet: "Wa ya taɓa buɗe Kivisade na asali? A same ni a keɓe."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rubuta masa: "Ashe kaset kake zawarci. Da ka faɗa tun farko, da ban wahalar da zuciyata ba."

Ya amsa: "Shuɗiyata, ki ce wa Baba ina zuwa gobe da rana. A gabansa zan yi komai. In ya so ya kulle ƙofa."

Washegari, wallahi kuwa Reijo ya kulle, ya jefa makulli aljihu, ya sa tabarau ya zauna kamar mai gadin banki. Tuomo ya buɗe kaset a teburin kicin. Ya haɗa sabon batiri da siraran wayoyi biyu tukuna, sannan ya narkar da dalma ya ɗaga tsohon.

"Dabarar da nake tambaya ke nan," ya ce, bai ɗago ba. "Sau tara na gwada a kan nawa, biyu suka goge. Da na faɗi gidan da yake, da masu saye sun hana ku sakat."

Aka kunna. MAR na nan a sama.

Saima ta fashe da kuka, rabi na kewar Mama, rabi na kunya. Reijo dai bai saki fuska ba. Ya tura masa na'urar. "Yi mu gani."

Ja, kore, rawaya suka yi ta ɓacewa. Maki suka hau har suka kusa taɓo na Marjatta. Sai Tuomo ya ɗauke yatsunsa, ya bar duwatsu suka cika allo.

"Da gangan ka yi."

"Eh, Baba."

Sai tsohon ya miƙe ya ɗora tukunyar kofi, ya ciro kofuna uku.

"Sa sunanka a ƙarƙashin nata," ya ce. "Wurin ya daɗe ba kowa."

A watan Yuni aka ɗaura aure a bakin tafki. Reijo ya damƙa wa ango kaset ɗin da hannunsa, ya ce, "Ga biyu na ba ka. Allah ya ba ka ikon riƙewa." Muka ce amin.